Hujja a littattafan kisan kai: a ina marubuta ke zamewa?

Malam Nasiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce nake so masu ilimin abin su warware mana. Littattafan da ke magana a kan kisan kai da tashin hankali iri 3 ne a nawa ganin: ƙagaggen labarin bincike, littafin da ya ɗauko laifin da ya faru da gaske, da littafin tarihi ko nazarin al'umma. Dukkansu da murya ɗaya suke zuwa wa mai karatu, ga abin da ya faru, ga wanda ya yi, ga dalilinsa. To da me mai karatu zai auna? Misali: likita ya durƙusa gaban gawa, ya taɓa wuyanta, ya ce an kashe mutumin tsakanin ƙarfe 10 da 10 da rabi na dare. Haka yana yiwuwa, ko marubucin ne ya sauƙaƙa wa kansa aiki?

Dakta Rabi

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ya yiwuwa. Duk littafin da likitansa ya ba da tazarar rabin awa daga duba gawa kawai, marubucinsa bai tambayi masu aikin ba.

Abu na farko da ake aunawa shi ne zafin jiki, kuma ba da taɓa fata ake yi ba, zafin can ciki ake ɗauka, ta dubura ko ta hanta. Mai rai yana wajen digiri 37. Ƙa'idar da ake haddacewa ita ce gawa tana rasa ƙasa kaɗan da digiri 1 a kowace awa, amma ƙa'ida ce mai rauni. A awannin farko zafin kan tsaya kusan wuri ɗaya kafin ya fara sauka. Mai ƙiba yana jinkirin hucewa, yaro ƙarami yana saurin hucewa, bargo yana riƙe zafi, ruwa da iska suna janye shi. In mamacin yana da zazzaɓi lokacin da ya cika, lissafin ya karkace tun daga tushe. Jadawalin da likitan Jamus Claus Henssge ya tsara yana buƙatar nauyin gawa, zafin wurin, da irin suturar da ke jikinta, kuma ko komai ya daidaita kuskurensa awa 2.8 ne gaba ko baya. Kun ga tazarar ta kusa awa 6.

Sanƙarewar gawa tana fara bayyana a muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana 1 da rabi zuwa 2. Zafin gari yana gaggauta ta, haka ma in mutum ya yi gudu ko kokawa kafin ya mutu. Sai kwanciyar jini: da zuciya ta tsaya jini yana gangarawa ɓangaren da ke ƙasa, fatar wurin ta yi duhu, bayan awa 8 zuwa 12 launin ya zauna. Amfaninta na gaske ba faɗin lokaci ba ne. In an tsinci gawa a kife amma jinin ya kwanta a gadon baya, to an juya ta ko an ɗauko ta daga wani wuri bayan awanni. Wannan alama ce mai ƙarfi da marubuta ba su cika amfani da ita ba, alhali ta fi duk wani agogon da ya fashe a hannun mamaci.

Barista Aminu

Dakta, ki ƙara musu da abincin ciki, don shi ne ya taɓa kusan kai yaro ga igiya. A 1959 a Kanada an yanke wa Steven Truscott hukuncin rataya yana ɗan shekara 14, bisa zargin kashe 'yar ajinsu. Likitan da ya binciki gawar ya duba abin da ke cikinta ya ce ta mutu tsakanin ƙarfe 7 da 7:45 na yamma, daidai lokacin da aka gan su tare. An sassauta hukuncin zuwa ɗauri, ya yi shekara 10 a tsare, sai a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta wanke shi, kuma rushewar waccan tazara ta minti 45 na cikin manyan dalilai.

Dakta Rabi

Haka ne Barista. Ciki yakan sauke abinci cikin awa 2 zuwa 6, amma tsoro, ciwo mai tsanani ko rauni a ka suna iya tsayar da narkewa cak. Abin da abincin ciki ke faɗa da ƙarfi shi ne me aka ci, ba yaushe aka mutu ba. In gawa ta wuce kwana 3, sai a koma ga tsutsa: koren ƙuda yana saka ƙwai da wuri, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 1, girman tsutsar ya nuna mafi ƙarancin kwanakin da gawar ta yi, ba ainihin ranar ba. Lura da ƙuda kuwa tsohon ilimi ne. Littafin binciken gawa na Song Ci, alƙalin ƙasar Sin, na shekarar 1247, ya kawo labarin mai binciken da ya sa manoma suka jera laujensu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya da aka wanke amma ƙamshin jini bai bar shi ba.

Malama Zainab

Bari in shigo ta ɓangaren gini, don rashin tabbas ɗin da Dakta ta bayyana alheri ne ga marubuci. Tazarar awa 6 tana nufin mutum 4 ko 5 za su iya shiga cikin zargi. Marubucin da ya matse ta zuwa rabin awa ya rufe wa kansa ƙofofi.

Labarin bincike labari 2 ne a jiki ɗaya, kamar yadda manazarcin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1966: labarin yadda aka yi laifin, da labarin yadda aka gano shi. Na farkon shi ake fara rubutawa, kuma mai karatu ba zai taɓa ganinsa a jere ba. Marubuci ya zana jadawalin ranar kisan awa bayan awa, kowane mutum da layinsa: ina yake, wa ya gan shi, me ya taɓa, me ya bari. Daga wannan jadawalin ne alamu ke fitowa. Sannan ya zana na biyu: a wane babi mai bincike zai ci karo da kowace alama, kuma wace fassara ta kuskure zai fara yi mata. Yawancin littattafan da ke rushewa a ƙarshe, marubutansu sun fara ne daga babi na 1 suna fatan su gano mai kisan a hanya.

Waɗanda ake zargi, 4 zuwa 6 sun isa. Ƙasa da haka mai karatu ya canka tun da wuri, sama da haka ya manta sunaye. Kowannensu ya kasance da dalilin son mutuwar mamacin, da damar kaiwa gare shi, da wani sirri na dabam da yake ɓoyewa wanda bai shafi kisan ba. Wannan sirrin ne ke sa mara laifi ya yi ƙarya, kuma ƙaryar marasa laifi ita ce ke riƙe tsakiyar littafi. Ɓoye alama kuma ba hana mai karatu ganinta ba ne. A sa ta a tsakiyar jerin kaya 6 ko 7 da aka samu a aljihun mamaci. Ko a ajiye ta layi 2 kafin wani ya yi ihu a ɗaki na gaba. Ko a sa ta a bakin wanda kowa ya riga ya ɗauka maƙaryaci ne.

Sadiya

Anti Zainab, akwai dokoki ne rubutattu na wannan fanni, ko kowa da yadda ya ga dama?

Malama Zainab

Akwai, ƙanwata, ko da yake ba wanda ya tilasta su. Tsarin ya faro ne da gajeren labarin Edgar Allan Poe na 1841, Arthur Conan Doyle ya kafa shi da Sherlock Holmes daga 1887. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10. Masu amfani har yau su ne: dole mai laifi ya bayyana tun farkon labari, ba a warware kisa da aljanu ko mafarki, ba a ƙirƙiro gubar da kimiyya ba ta sani ba, sa'a ko tsautsayi ba sa warware wa mai bincike matsala, duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu, kuma ba a fito da tagwaye a babin ƙarshe sai an share fage. Gaba ɗayansu magana ɗaya ce, kada a yaudari mai karatu da abin da ba a ba shi ba. Agatha Christie ta taka iyakar wannan a littafinta na 1926 inda mai ba da labarin shi ne mai kisan, aka yi ta cece-kuce. Amma in ka koma ka sake karantawa, mutumin bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, tsallake wasu mintoci kawai ya yi. Shi ya sa littafin ya tsaya.

Garba Mai Littafi

Ni fa ban gamsu ba. Kuna auna adabi da ma'aunin ɗakin gwaji. Littafin marubucin Rasha Dostoevsky na 1866 ya nuna maka mai kisan tun kashi na farko, ka ga gatarin, ka ga tsohuwar mai ba da bashi da 'yar uwarta da ta shigo ba zato. Babu wani wasan canka, sauran kashi 5 duk a kan abin da kisan ya yi wa wanda ya aikata ne. Wa ya damu da zafin gawa a nan? Raymond Chandler ma a maƙalarsa ta 1944 ya soki salon Ingila na kisa a gidan attajirai, ya yabi Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aikin binciken sirri a kamfanin Pinkerton, don ya mayar da kisa hannun irin mutanen da ke aikata shi da dalili. Gaskiyar halin ɗan Adam ta fi gaskiyar ma'aunin zafi.

Malama Zainab

Malam Garba, rabin maganarka na karɓa. Littafin da ya yi alkawarin shiga zuciyar mai laifi, da wannan alkawarin za a auna shi. Amma duba misalin naka da kyau. Kisan da ke cikinsa cike yake da kuskure: ya manta ƙofa a buɗe, ya kashe wadda bai yi niyya ba, ya ɗebi kaya kaɗan ya kasa amfani da su, ya kwanta zazzaɓi. Wannan ma daidaito ne, irin na wanda ya san yadda tashin hankali yake a zahiri, da rikicewa da ƙazanta. Abin da nake ƙi shi ne littafin da ya jingina warwararsa a kan hujja sannan hujjar ta zama ta bogi.

Dakta Rabi

Kuma akwai kurakuran da ke sauya yadda mutane ke ɗaukar haɗari. A buga wa jarumi ƙarfe a ƙeya, ya suma awa 2, ya farka ya ci gaba da gudu. A zahiri suman da ya wuce 'yan mintoci bayan duka a ka alama ce ta rauni a ƙwaƙwalwa, kuma akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum kan farka ya yi magana lafiya, bayan awanni ya faɗi. Harbi a kafaɗa da ake ɗauka ƙaramin abu, wurin akwai babbar jijiyar jini da tarin jijiyoyin da ke motsa hannu. Abin rage ƙarar bindiga ba ya kashe ƙara, yana sauke ta ne daga wajen desibel 160 (ma'aunin ƙarfin sauti) zuwa 130 da wani abu, wanda har yanzu ƙara ce mai cutar da kunne. Mai karatun da ya saba da waɗannan zai iya raina rauni na gaske in ya gan shi.

Barista Aminu

Nawa ƙorafin a kan babin ƙarshe ne. A tara kowa a falo, mai bincike ya yi jawabi, mai laifi ya fashe da kuka ya amsa. Cire amsa laifin, ka tambayi kanka me ya rage da za a kai gaban alƙali. Sau da yawa ba komai. Maɓallin rigar da mai bincike ya tsinta ya jefa a aljihunsa ya riga ya mutu a matsayin hujja. Ana ɗaukar hoton abu a inda yake kafin a taɓa shi, a sa shi a jakarsa shi kaɗai, a rufe da hatimi, a rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ɗauka, kuma duk hannun da ya karɓa ya sa hannu. Giɓi ɗaya a wannan rajistar ya ishi lauyan wanda ake tuhuma. Tufafi masu jini ma ba a kulle su a leda da danshi, sai an shanya su an sa a jakar takarda, in ba haka ba su yi funfuna gwajin ya lalace.

Ita kanta amsa laifi ba ƙarshen magana ba ce. A 1989 matasa 5 a birnin New York sun amsa laifin far wa wata mata a lambun shaƙatawa na Central Park bayan doguwar tuhuma, aka ɗaure su, sai a 2002 aka soke hukuncin da ainihin mai laifin ya fito kuma gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ya tabbatar da shi. Yaro, mai raunin hankali, wanda aka hana barci, wanda aka ce masa in ya amsa zai koma gida, duk suna iya amsa abin da ba su yi ba. Hanyar gwada amsa ita ce: ya faɗi wani abu da mai laifi kaɗai zai sani, wanda masu tuhumar ba su riga sun sa masa a baki ba?

Shaidar gani da ido kuma, muna cewa gani ya kori ji, amma tunawa tana sauyawa da irin tambayar da aka yi. A gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974 an nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya da lafazi mai nuna mummunan karo sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako 1, mutum 16 cikin 50 daga cikinsu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali 7 cikin 50 ne suka ce haka a rukunin da aka tambaya da lafazi mai sauƙi. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Shi ya sa in za a jera mutane don shaida ya nuna, jami'in da ke gudanarwa bai kamata ya san wanda ake zargi ba, a gaya wa shaidan mai yiwuwa mai laifin ba ya cikinsu, kuma a rubuta ƙarfin tabbacinsa nan take.

Sadiya

To ai yanzu gwajin ƙwayar halitta ya kashe duk wannan shakku, ko ba haka ba, Yaya Barista?

Malam Habu

Bari in amsa miki, Sadiya. Ya rage shakku ƙwarai, bai kashe shi ba. Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Jami'ar Leicester a 1984. Karo na farko da aka yi amfani da ita a shari'ar kisa, a kan 'yan mata 2 da aka kashe a 1983 da 1986, abin da ta fara yi shi ne wanke wani matashi ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifi. Daga nan aka ɗebi samfurin maza wajen 5,000 na yankin, ba a samu kowa ba, don Colin Pitchfork ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Abin da ya tona shi hira ce da aka jiyo abokin yana yi. An kama shi a 1987. Kun ga ko a shari'ar farko, kunnen mutum ne ya cike giɓin da na'ura ta bari.

Gwajin yana faɗin na wane ne, ba ya faɗin yaushe ko ta yaya ya zo wurin. Kana iya gaisawa da mutum, ya je ya riƙe wuƙa, a sami ƙwayarka a kan wuƙar. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da ƙwayarta ta bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ake ɗibar samfur da shi.

Zanen yatsa ma haka. A 1892 a Ajantina aka fara kama mai kisa da shi, wata uwa da ta kashe 'ya'yanta 2 ta ɗora wa maƙwabci. Amma abin da ake samu a wurin laifi yawanci guntu ne, a goge, kuma mutum ne ke yanke hukuncin ya dace ko bai dace ba. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta danganta wani zane da wani lauya Ba'amurke, aka tsare shi, daga baya 'yan sandan Sifaniya suka nuna na wani ne dabam. A 2015 hukumar ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da ta sake dubawa, masu kwatanta gashi sun ba da shaidar da ta wuce abin da kimiyya ta yarda. Littafin da ya nuna ɗakin gwaji yana fitar da suna cikin awa 1 ba tare da ja ba, bai san aikin ba.

Hajiya Maryam

Ina da damuwa ta dabam. Wannan daidaiton da kuke nema, ba zai zama darasi ga mai mugun nufi ba? Musamman guba.

Dakta Rabi

Damuwa ce a wurinta, Hajiya. Iyakar da nake ganin ta dace: marubuci ya daidaita abin da ake gani bayan abu ya faru, wato alamomin jiki, yadda likita zai ruɗe, yadda gwaji zai tona. Kada ya ba da adadi, ko inda ake samu, ko yadda ake haɗawa. Labari ba ya buƙatarsu. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na 1, ta san guba sosai, kuma bayanin da ta yi na alamomin gubar taliyam a littafinta na 1961, musamman zubewar gashi, shi ya sa wata ma'aikaciyar jinya a Landan a 1977 ta gane abin da ke damun wata jaririya da likitoci suka rasa gane ciwonta, aka ceto ta. Tarihi ma ya nuna sanin alamomin guba mai sa gubar yake karyawa. Arsanik, wata guba, ya daɗe yana ɓuya saboda alamunsa sun yi kama da kwalara, har James Marsh ya fito da gwajinsa a 1836, aka yi amfani da shi a shari'ar Marie Lafarge a Faransa a 1840.

Malam Tukur

Ku bar ni in ja mu zuwa littattafan da suka ce gaskiya suke faɗa, don a nan kuskure ya fi tsada, mutanen ciki suna da dangi a raye. Littafin Truman Capote na 1966 a kan kisan mutum 4 'yan gida ɗaya a Holcomb ta jihar Kansas a Amurka a Nuwamban 1959 shi ne ya buɗe wannan kasuwa. Ya yi shekaru yana bincike, ya zauna da makasan 2 har aka rataye su a Afrilun 1965. Amma bai naɗi murya ba, ba ya rubutu a gaban wanda yake hira da shi, daga ƙwaƙwalwa yake zubawa daga baya, kuma fagen ƙarshe na maƙabarta ƙirƙirarsa ya yi.

Ga yadda ake gwada irin wannan littafi. Duk inda ka ga zance a cikin alamar ɗauko magana, ka tambaya wa ya ji, wa ya rubuta, bayan shekara nawa. Duk inda aka ce mamaci ya yi tunani kaza a daren da ya mutu, ƙirƙira ce, ba wanda ya dawo ya faɗa. Duba su wa suka yarda suka yi magana da marubucin: in ɗan sandan da ya jagoranci bincike ne babban majiyarsa, zai fito gwarzo, in mai laifin ne, zai fito abin tausayi. Sannan ka duba ko takardun kotu ya karanta ko jarida. Labarin da jaridar New York Times ta buga a 1964 cewa mutum 38 sun kalli kisan Kitty Genovese ba wanda ya motsa ya shiga littattafan nazarin halayya shekaru da dama, daga baya bincike ya nuna adadin ba shi da tushe, akwai waɗanda suka kira 'yan sanda, kuma wata maƙwabciya ta fito ta riƙe ta.

Kisan mata 5 a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888 ya fi kowanne nuna cutar. An rubuta littattafai barkatai a kan ko wane ne makashin, alhali sunan da aka san shi da shi, Jack the Ripper, daga wata wasiƙa ya fito da masana da yawa ke ganin ɗan jarida ne ya rubuta ta. Matan 5 kuwa sai a 2019 Hallie Rubenhold ta ba su littafi sukutum, ta bi rajistar aure da ta gidajen gajiyayyu, ta kawo hujjar cewa babu tabbacin 3 daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka yi ta maimaitawa. Akwai masu ja da ita a kan wasu wurare, amma ta tilasta a koma ga takardu.

Garba Mai Littafi

To Malam Tukur, masu tarihi da takardunsu ai su ma ba sa haɗuwa a kan magana ɗaya.

Malam Tukur

Ba sa haɗuwa, kuma misalin da ya fi koyarwa shi ne Bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana na Jamus a yaƙin duniya na 2. Mutum wajen 500 ne, yawancinsu magidanta daga Hamburg. Ranar 13 ga Yulin 1942 a Józefów ta ƙasar Polan suka harbe Yahudawa kimanin 1,500. Kwamandansu ya ba da dama duk wanda ba zai iya ba ya fita, wajen mutum 12 ne suka fita da farko. Christopher Browning a 1992 ya karanta tambayoyin da masu gabatar da ƙara na Jamus ta Yamma suka yi wa mutum 210 daga cikinsu, ya ce bin umarni, tsoron a ga gazawarka a gaban abokai, da sabo da kisa su suka fi aiki. Daniel Goldhagen a 1996 ya karanta takardun nan dai, ya ce ƙiyayyar Yahudawa ce tushe. Bambancin ya taso ne daga yadda kowannensu ya ɗauki maganar wanda ake tuhuma. Mutumin da ke amsa tambaya bayan shekara 20, yana tsoron ɗauri, zai ce bai tsani kowa ba, sama ya harba. Goldhagen ya zubar da duk maganar da ke wanke mai ita. Browning ya riƙe wadda wasu shaidu suka tabbatar, ko wadda mai ita ya faɗi abin da ke cutar da shi. Ni hanyar Browning na fi yarda da ita, don in ka zubar da duk abin da ya saɓa wa ra'ayinka, ka riga ka rubuta sakamako kafin bincike. Mai karatu ya nemi shafin da marubuci ya bayyana yadda ya tace shaidunsa. In babu shi, a yi hattara.

Malam Nasiru

Allah ya saka da alheri. Saura alƙaluma. Littattafan nazarin al'umma suna cewa kisa ya ragu a tarihi, wasu suna cewa duniya ta fi da haɗari. Wanne za a kama?

Malam Tukur

A fara da tambayar adadi ne ko kaso. Ana auna kisan kai da mutum nawa cikin kowane 100,000 a shekara. Manuel Eisner ya tattara bayanan Yammacin Turai ya nuna saukowa daga wajen 20 zuwa 40 a wajen ƙarni na 14 da na 15 zuwa kusan 1 a tsakiyar ƙarni na 20. Saukowar gaskiya ce, amma da sharaɗi 2. Yawan mutanen garuruwan wancan lokaci ƙiyasi ne, in ka kuskure shi kason ya kuskure. Kuma sukan wuƙar da ke kashe mutum a ƙarni na 14 saboda ruɓewar rauni, yau tiyata da ƙarin jini suna ceto shi, sai a rubuta shi a matsayin rauni. Sannan wannan lissafi na Turai ne, kuma bai haɗa da mutuwar yaƙi ba, don haka ba a shimfiɗa shi a kan duniya duka.

Hajiya Maryam

Kuma alƙaluman yau suna ƙaryata hoton da yawancin littattafan ke zanawa, na baƙon makashi mai basira da ke bin mata a duhu. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta an kashe mutum 458,000 a 2021, wato 5.8 cikin 100,000, kuma wajen kashi 81 cikin 100 maza ne. Su kuwa mata, daga cikin kimanin 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, wajen 51,100 miji ne ko saurayi ko ɗan uwa ya kashe su, kashi 60 cikin 100 ke nan. Marubucin da ke son labarinsa ya yi kama da abin da ke faruwa, ya sa mai bincikensa ya fara da mutanen cikin gida, ya tambayi maƙwabta ko an taɓa jin duka, ya nemi ko matar ta taɓa kai ƙara ko tana shirin barin gidan, don lokacin rabuwa na cikin lokutan da haɗarin ya fi tsanani.

Dakta Rabi

A kan wannan, Hajiya, akwai alamar da ya kamata marubuta da masu karatu su sani. Shaƙe wuyan da bai kai ga kisa ba na cikin manyan alamun cewa rayuwar mace tana cikin haɗari daga abokin zamanta, kuma sau da yawa ba ya barin tabo a fata. Abin da likita ke nema shi ne dashewar murya, wahalar haɗiya, da ɗigo-ɗigon jini a farin ido ko cikin fatar ido. Kumburin maƙogwaro ko lahani a jijiyar wuya na iya bayyana bayan kwana 1 ko 2, shi ya sa ake son a duba wadda aka shaƙe a asibiti ko da ta ce ta ji sauƙi.